Taurin Sifirin a Hanyar Timiya

Daga Damagaram zuwa Agadas kimanin kilomita 450 ne, daga Agadas zuwa Timiya da ke cikin duwatsun Abzin kuwa wajen 220. Wanda ya tsaya ga taswira zai ɗauka zangon farko shi ne tafiyar, na biyun ɗan ƙarashe ne kawai. Direbobin yankin ba da kilomita suke lissafi ba, da wuni suke yi, kuma ɗan ƙarashen nan kan cinye wuni guda cur, wani lokaci har a kwana a hanya.

Motoci biyu muka tashi da su cikin hunturu, duka Land Cruiser ƙirar 80, masu injin dizal 1HZ, silinda shida, lita 4.2. In ka gan su a tsaye sai ka ce uwa ɗaya uba ɗaya, illa dai ɗaya ta ɗaga baya sama, ta sunkuyar da kai. Wannan ita ce ta Alhajin da ya gayyace ni, ɗan kasuwa mai sayar da famfunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, wanda masu lambu a Timiya suka yi wa odar kaya. Kafin mu baro Kano ya sa aka canza masa sifirin na baya, da umarni guda tak: a kawo mafi ƙarfi. Ɗayar ta ɗan jagoranmu ce, wani dattijo Ba'abzine da ya tarye mu a Damagaram, fuskarsa cikin rawani, ba ya yawan magana. Da ya ga motar Alhaji sai ya zagaya ta baya, ya dafa bambar da hannu biyu, ya danna. Motar ko gezau. Ya kakkaɓe hannunsa, ya ce Allah ya kai mu lafiya.

Wannan damuwa ta zaɓen sifirin ba ta shafi kowace motar daji ba. Ƙirar 60 da aka yi kafin wannan a kan sifirin mai falle-falle take zaune, irin na manyan motoci. A 1990 ne Toyota ta fito da ƙirar 80 a kan naɗaɗɗen sifirin gaba da baya, kuma ba ita ta fara ba: Range Rover ta zo da shi tun 1970, Land Rover 110 a 1983, Nissan Patrol a 1987. Akori-kurar Land Cruiser da ta cika Agadas, musamman tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, naɗaɗɗe ne a gabanta tun 1999, amma bayanta har gobe falle-falle ne, saboda an yi ta don kaya. Mai akori-kura in ya ga baya na zama, sai ya je gareji a ƙara masa falle ɗaya ko biyu, magana ta ƙare. Mai naɗaɗɗe ba shi da wannan gata. Ribarsa ita ce taya na samun filin hawa da sauka sosai, kuma ba ƙarafan da ke gogar juna, don haka motar na jin ko ƙaramin tsakuwa ta haɗiye shi. Amma taurin da ya saya shi zai zauna da shi, da kaya da babu kaya.

Kayan da muka loda wa motar Alhaji ba na wasa ba ne. Allunan sola a kan kariya, famfuna da bututu a ciki bayan an kwantar da kujeru, jarkokin dizal, jarkokin ruwa, taya ta biyu ta safaya. Jarka mai lita 20 ta dizal kaɗai tana kai kilo 20 in an haɗa da ƙarfenta, ta ruwa ta fi haka. In aka tara, rabin tan ne ko fiye. Da aka gama ɗaure igiya sai motar ta daidaita, bayan ya sauko ya yi kai ɗaya da gaba. Alhaji ya dube ni yana murmushi, ya ce, “Malam, ka ga amfanin kuɗi?”

Kuma gaskiyarsa ce, a wannan ranar. Daga Damagaram zuwa Tanut, cikin ƙasar Damargu, kwalta ce, ba abin da za a ce. Bayan Tanut ne, a lokacin da muka bi, kwaltar ta fara mutuwa, ramuka suka fi lafiyayyen wuri yawa, direbobi suka buɗe wa kansu hanyoyi a gefe cikin ƙasa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Motar Alhaji ta shiga ramukan nan da kayanta ta fito, ba ta zauna ba ko sau ɗaya, ba ta yi tangaɗi a kwana ba duk da nauyin da ke kanta. Muka wuce Adarbisinat, muka gangara dutsen Tigidit, da la'asar sakaliya hasumiyar masallacin Agadas ta bayyana, mita 27 na jar ƙasa da itatuwa tsire a jikinta, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka sake ginata a 1844.

A Agadas sai da aka yi zaman takardu, don Abzin ba a shigarta sai da izini. Garin Hausa yake ji tun daga kasuwa har fadar Sarkin Abzin, saboda haka baƙo daga Kano ba ya neman tafinta. Da dare, ana shan shayi, Alhaji ya kasa haƙuri ya tsokani dattijon, ya ce ai ya ga yadda motarsa ta yi. Dattijon ya ɗaga butar shayi sama yana tsiyayawa, ya ce, “Alhaji, zuwa naka ne. Komowa nawa ne.” Aka yi dariya aka bar zancen.

Hanyar Timiya tana bin ƙoramar Telwa ne da farko, ta ratsa lambunan Dabaga, tana tsallake busasshen rafin nan ta koma ta sake tsallakewa. A bakin rairayi na farko mai zurfi aka tsaya aka rage wa tayoyi iska. Mutane kan manta cewa taya ma sifirin ce, ita ce ma ta farko da ke karɓar bugu kafin ya iso ga ƙarfe. In an rage mata iska tafinta na faɗi, ta hau kan rairayi maimakon ta haƙa, kuma ta shanye ƙananan duwatsu. Da yawa cikin masu kukan motarsu na bugu, in aka auna, za a tarar tayoyin ne aka cika wa iska irin ta lodin tirela.

A wata ƙorama mai faɗi dattijon ya ce a rage wa motar Alhaji nauyi kada ta nutse, sai aka kwashe jarkoki da famfuna biyu aka tura a bayan tasa motar, can ƙurya wajen ƙofar baya, don nan ne kawai ke da fili. Na koma motarsa don in gani. Nan take bayanta ya zauna, hancinta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannunsa. A kowane kwari sai ka ji dum, aksil ya bugi robar da aka sa don ta tare shi, bugun ya ratso shasi har cikin haƙoran mutum. Abin da ya ƙara tsananta shi ne inda aka ajiye kayan. Tsakanin tayoyin gaba da na baya na wannan mota mita 2.85 ne. Kilo 100 da aka ajiye mita guda a bayan aksil na baya ba kilo 100 yake ɗora masa ba, wajen 135 ne, kuma 35 ɗin da ya ƙaru daga tayoyin gaba ya zare shi, wato tayoyin da ake juya mota da su. Muna haye rairayin ya tsaya ya sa aka mayar da kayan. Ya san iyakar motarsa, bai yi mata gardama ba.

Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka laushi shi ne alheri. Sifirin da ya yi wa kaya laushi haɗari ne: mota ta rasa tazara da ƙasa, fitilunta su haska sama su makantar da mai tahowa, ta riƙa rinjaya a kwana, kuma bugun da ya kamata sifirin ya shanye ya koma kan shasi da boris ɗin tayoyi. Wanda ya taɓa shan wannan wuya shi ne ke zuwa kasuwa a fusace ya ce a ba shi mafi ƙarfi. Ina fahimtarsa. Sai dai yana maganin rana ɗaya ne da ciwon sauran shekara.

Daga wajen Elmeki, inda aka daɗe ana haƙar kuza, ƙasa ta canza. Rairayi ya ja baya, baƙaƙen duwatsu suka karɓi hanya, wasu tsibi-tsibi har iyakar gani, wasu a watse a kan turbar. Ana tafiya da ƙaramar giya, ana lallaɓawa. Can sai kwarin Timiya ya buɗe, kore shar a tsakiyar ƙonannun duwatsu, abin da ido ba ya shirya wa gani. Lemu, rumman, ɓaure, inabi, dabino, a ƙarƙashinsu alkama da albasa da tafarnuwa. A wasu lambunan har yanzu raƙumi ne ke jan guga daga rijiya, yaro na kora shi ya je ya dawo, ruwan na bin magudana zuwa fangali. Famfunan Alhaji wannan aikin suka zo karɓa. A kan tudu akwai ganuwar soja da Faransawa suka gina a shekarun 1950, ana ce mata Fort Massu, kuma 'yan kilomita kaɗan daga gari akwai wurin da ruwa ke zubowa daga dutse ya taru a tafki mai sanyin da ba a daɗewa a ciki. Mutanen nan Kel Ewe ne, masu ayarin gishiri. Da kaka sukan ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, su ɗauko kantu da dabino, sannan su gangara kudu ƙasar Hausa su sayar su sayi gero. Mai masaukinmu a Timiya ya san unguwannin Kano da sunayensu, a ƙafa ya taka su yana saurayi.

Aka sauke kaya, aka haɗa famfuna, ruwa ya fito, yara suka yi ta ihu. Aka cika mu da kyautar lemu. Da za a loda kwandunan, ɗan jagoranmu ya ce a sa su duka a motarsa. Alhaji ya ce ai tasa ce babu komai a ciki. Dattijon ya ce, “Shi ya sa, Alhaji. In ka kai su Agadas a taka, sai dai a matse a sha.”

A motar Alhaji na zauna a komowa, a kujerar baya, kuma tun kafin mu fita kwarin na san an canza mini mota. Bayan ya sake ɗagewa sama. Dutsen da muka taka a zuwa ba mu ji shi ba, yanzu sai ya ɗaga mu daga kujera. Amalanken jaki ce aka sa wa inji. A wani hawa mai karkata, inda tayar gaba ta dama ke kan dutse ta baya ta hagu ke cikin rami, motar dattijon ta lanƙwashe ta wuce, tayoyinta huɗu na ƙasa. Tamu ta zo wurin ta tsaya cak, taya ɗaya na juyawa a iska. Sifirin ɗin ya ƙi matsuwa a gefen da ke sama, saboda babu nauyin da zai matse shi, don haka ɗaya gefen bai kai ƙasa ba. In kuwa mota ba ta da makullin aksil, ƙarfin inji na gudu ne zuwa tayar da ta fi sauƙin juyawa, wato wadda ke rataye. Sai da aka jera duwatsu a ƙarƙashinta muka fita.

Mafi muni shi ne inda hanya ta miƙe ta yi kunya-kunya a jere, gargadar nan da tayoyi ke ƙirƙira da kansu a kan tsakuwa, wadda direbobin Nijar ke kira tol. Dabarar da kowa ya sani ita ce a ƙara gudu har tayoyi su riƙa taka kawunan kunyoyin kawai. Motar dattijon ta yi haka ta yi gaba, ƙurarta kaɗai muke gani. Tamu da direba ya taka sai bayanta ya fara tsalle yana zamewa gefe, ko a miƙaƙƙiyar hanya sai yana gyara sitiyari. Tayar da ke sama ba ta riƙe ƙasa, ba ta burki, ba ta bin kwana. A wata 'yar lanƙwasa bayan ya fita har sai da kowa ya yi salati. Direban ya rage gudu, muka koma shan gargadar ɗaya bayan ɗaya, ƙusoshin kariya na kwancewa.

Lissafin abin ba shi da wuya. Ana auna taurin sifirin da nauyin da ke matse shi milimita ɗaya. A ce na dattijon kilo 4 ne, biyun baya sun zama 8. Na Alhaji kilo 6, biyun 12. A ce kuma jikin motar babu kaya yana ɗora wa sifirin na baya kilo 1,000. Na dattijon zai matsu milimita 125. Na Alhaji 83 kawai. Wannan matsuwa ita ke yanke saurin da jikin mota ke lilo da shi sama da ƙasa: a milimita 125 wajen sau 85 ne a minti, a 83 kuwa ya haura 100. Jikin ɗan Adam ya fi sabawa da lilo mai kusa da takun tafiyarsa, shi ya sa masu ƙera motoci ke neman tsakanin sau 60 da 90 a minti. To a ƙara wa motar Alhaji kilo 500, ya zama 1,500 a kan 12. Amsar milimita 125 ce cif, daidai da ta dattijon babu kaya. Wato daɗin da muka ji a zuwa ba ƙarya ba ne, an yi sifirin ɗin ne don motar da rabin tan ba ya sauka daga bayanta. Motar Alhaji kuwa, in an cire irin wannan tafiya, daga gida sai kanti sai ɗaurin aure.

Da muka tsaya sallar azahar dattijon ya kira ni, ya ce in kai hannu kusa da shokozoba na baya, kada in taɓa. Hucinsa kaɗai ya isa. Sifirin ba ya cinye bugu, ajiye shi yake ya mayar. Shokozoba ne ke karɓar wannan motsi ya mai da shi zafi ta hanyar tura mai cikin ƙananan kafofi. A kan tol yana aiki sau da yawa cikin daƙiƙa guda, man ya yi zafi ya tsinke, har ya yi kumfa, ƙarfinsa ya ragu. Alhaji ya canza sifirin ya bar tsohon shokozoba, wanda aka auna don ya riƙe mai laushi. Yanzu an ba shi wanda ke mayar da bugu da ƙarfin da ya ninka sau ɗaya da rabi, ya kasa. Rabin tsallen da muke sha daga nan yake. Maganin da aka yi a wurin shi ne a cika buhuna da rairayi a jera su daidai kan aksil, a ƙara rage iskar tayoyin baya. Motar ta lafa sosai. Muka kama hanya muna ƙona dizal don dakon yashi zuwa Agadas, garin da yashi ya yi wa yawa.

A Agadas dattijon ya kai mu garejin wani bakanike da ya yarda da shi, matashi, a wani fili da aka kewaye da tsofaffin ƙofofin mota. Bai tambayi abin da aka rubuta a kwali ba. Ya sa aka sauke yashin, aka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ya girgiza ta don ta zauna daidai, ya auna da tef daga tsakiyar cibiyar taya zuwa bakin bodi, ya rubuta a jikin ƙofa da alli. Daga cibiya ake aunawa ba daga ƙasa ba, don kada lotsawar taya ta shiga lissafi. Ya aiki yaransa suka aro buhun siminti huɗu, kilo 200 ke nan, aka jera su kan aksil, ya sake aunawa. Motar Alhaji ta sauka milimita 17. Aka mayar da buhunan motar dattijon, ta sauka 25. Ban taɓa ganin an kashe gardamar manya da arha haka ba.

Sannan ya ɗauko wasu sifirin na gwanjo daga ƙarƙashin benci ya nuna mana yadda ake karanta su. Naɗaɗɗen sifirin sandar ƙarfe ce doguwa da aka nannaɗe, in an danne shi sandar murɗewa take. Abu uku ke yanke taurinsa: kaurin sandar, faɗin naɗin, da yawan zagayen da ke aiki. Kaurin shi ne sarki, don tasirinsa na ninkuwa har hawa huɗu. Daga milimita 16 zuwa 17, bambancin da ido ba ya gani, tauri na ƙaruwa da kashi 27 cikin ɗari. Zuwa 18 kuwa kashi 60. Shi ya sa bai yarda da kallo ba, da ma'aunin kauri yake bi. Yawan zagaye kuma a juye yake aiki: mai zagaye da yawa ya fi laushi, don sandar ta fi tsawo. Wanda ya yanke zagaye ɗaya cikin takwas don ya rage tsayi ya ƙara tauri da kashi 14 bai sani ba. Masu gasa sifirin da wutar walda don su miƙar da shi ko su lanƙwasa shi kuwa, ya ce wannan kisan kai ne da hannu, zafin na kashe ƙarfen, ranar da zai karye ba ya sallama.

Abin da ya fi tsaya mini cikin bayaninsa shi ne raba tsayi da tauri, domin a garejinmu an gwama su. Mutum na son motarsa ta ɗaga don ta tsallake duwatsu, sai a ba shi mai tauri, tunda mai tauri ba ya zama. Alhali ana samun dogon sifirin mai laushi, wanda zai ɗaga motar ya kuma bar ta tana lanƙwasa. Zoben roba da ake sakawa a saman sifirin ma na ƙara tsayi ba tare da ya taɓa tauri ba, ko da yake yana rage filin matsuwa. Kuma ɗagawar kanta tana da haraji. In ta wuce milimita 50, aksil na gaba kan ɗan juya, sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa, mota ta riƙa yawo a kan titi. Sandar da ke riƙe aksil ta gefe ta ja shi ɓangare ɗaya. Tiyon burki ya ɗame in taya ta sauka rami. Shokozoba ya gajarce.

Sai ya kwanta a ƙarƙashin motar ya kira Alhaji. “Ranka ya daɗe, sunkuyo ka ga wannan.” Wani ɗan bawul ne a jikin shasi, da siririyar sanda da ta taho daga aksil na baya. Aikinsa shi ne ya ji yadda baya ya zauna: in ya zauna sosai, alamar kaya, sai ya ƙara wa tayoyin baya burki; in ya ɗage, sai ya rage don kada su kulle. Sifirin da ya ɗaga motar ya kuma ƙi zama yana yi wa bawul ɗin ƙarya, yana ce masa ba kaya alhali rabin tan na ciki. Ashe duk gangaren da muka sauka a zuwa, burkin gaba ne ya yi kusan dukan aikin. Wanda ya ɗaura sifirin ɗin bai gyara sandar ba. Alhaji ya daɗe a tsugune bai ce komai ba.

Tambayar da bakaniken ya yi masa daga nan ita ce wadda ya kamata mai kanti ya fara yi wa duk mai saye: me ke kwana a cikin motar nan kullum? Ba abin da ta taɓa ɗauka ba, abin da ba ya sauka. Suka lissafa: kariyar ƙarfe, taya ta biyu, akwatin kayan aiki, jak, jarkar ruwa. Bai kai kilo 200 ba. Kamfanonin Ostareliya da suka shahara a wannan sana'a, irin su Old Man Emu da Dobinsons da King Springs, da wannan ma'auni suke jera hajarsu, wato nauyin dindindin, kuma gaba da baya kowanne da nasa lissafi. Wanda ya sa bambar ƙarfe da winci ya ƙara wa gaba nauyi a can gaban aksil, shi ke buƙatar ƙarin tauri a gaba. Wanda bai sa ba ya bar gabansa lafiya. Mai son ya tabbatar sai ya je sikelin manyan motoci, ya hau da tayoyin gaba kaɗai, sannan na baya kaɗai, da kayan yau da kullum, ya sake da cikakken lodi.

Ranar babban kaya fa? Akwai sifirin mai tauri biyu, wanda wasu zagayensa ke kusa da juna, su haɗe in nauyi ya ƙaru, sauran su ɗauki aikin da ƙarin tauri. Akwai kuma jakar iska da ake cusawa cikin naɗin, a hura ta ranar lodi a sace ta ranar da ba kaya. A ganina wannan ta biyu ita ta fi dacewa da mai irin rayuwar Alhaji, muddin an kiyaye tiyonta daga duwatsu da ƙaya. Amma akwai iyakar da babu sifirin da ke matsar da ita. Wannan mota ita kaɗai ta haura tan 2, kuma abin da aka yarje mata gaba ɗaya, da mutane da mai da kaya, bai wuce wajen tan 3 ba. Sifirin mai tauri na ɓoye yawan lodi ne daga ido, motar ta tsaya ƙyam kamar ba komai, amma boris da burki da tayoyi suna nan yadda kamfani ya yi su. Dattijon ya ce in kayan sun kai haka, akori-kura ake ɗauka haya, ba a zaluntar motar fasinja.

Aka sami biyu na baya masu matsakaicin tauri a wani kanti kusa da tasha, bakaniken ya auna kaurinsu da tsawonsu kafin a biya, ya lura ɗaya ya ɗan fi tsawo, ya sa shi a gefen da motar ta fi nauyi kamar yadda aka yi shi don haka. Aka canza shokozoba biyun, aka daidaita sandar bawul, aka sake gwajin siminti: milimita 22. Jakar iska babu ita a garin, sai an yi oda.

Ana cikin haka wani mutum da ke jiran a gama masa aiki ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda aka cire yana jujjuyawa. Irin motar gare shi, ya cire kujerun baya ya kafa tankin mai, yana kai dizal da ruwa wuraren haƙar zinariya, kuma a komowa ma ba ya dawowa wayam. Ya tambayi ko na sayarwa ne. Bakaniken ya leƙa bayan motarsa, ya ga robar tare aksil ta cinye saura ƙarfe, ya ce masa ya saya ko nawa ne, amma ya haɗa da shokozoba. Alhaji ya faɗi kuɗin da ya saye su a Kano, mutumin ya taya rabi, aka yi ta ja har aka kira magariba, suka shirya a kashi biyu cikin uku da kwandon lemu ɗaya a kai.